Yadda ake ziyartar wuraren ibadar Buda da ƙauyukan tsauni a Nepal

Nepal ƙasa ce da Indiya ta kewaye ta ta kudu da gabas da yamma, Tibet ta ƙasar Sin kuma ta tokare ta ta arewa. Mafi yawan mutanenta mabiya addinin Hindu ne, sama da kashi 80 cikin 100 a ƙidayar 2021. Mabiya Buda kusan kashi 8 ne, Musulmi kusan kashi 5. Amma in ka hau can bisa tsaunukan arewa, lissafin sai ya juye: ƙauyukan Tamang da Sherpa da sauran mutanen bisa kusan duk na Buda ne, irin na Tibet. Hanyar da zan shimfiɗa a nan ta kwana goma sha biyu ce zuwa sha huɗu, daga Katmandu, babban birnin ƙasar, zuwa kwarin Langtang a dawo. Na zaɓi Langtang ne don mota tana kai mutum har bakin hanyar ƙafa, babu sai an hau ƙaramin jirgin nan na Lukla da masu zuwa yankin Everest ke hawa, wanda hazo kaɗan kan hana shi tashi.

Mataki na farko: takardu, tun kana gida

Za ka karanta a wurare da yawa cewa ana ba da bizar Nepal a filin jirgin Tribhuvan na Katmandu da isarka. Haka ne ga yawancin ƙasashe, amma masu fasfon Najeriya da Ghana da Kamaru suna cikin jerin waɗanda ba a ba su a can. Dole ka karɓo daga ofishin jakadancin Nepal kafin ka taso, kuma a Afirka ofisoshin suna Alƙahira da Pretoria. Akwai wasu a Riyad da Doha da Abu Dhabi, ga kuma ƙaramin ofishi a Jidda, abin da ke sauƙaƙa wa 'yan uwanmu mazauna can. Kada ka biya kuɗin jirgi sai bizar ta shigo hannu. Farashinta dala 30 na kwana 15, dala 50 na kwana 30. Ka ɗauki ta kwana 30, don ko zaftarewar ƙasa ta tare hanya ba za ka shiga tashin hankali ba.

Ka haɗa da katin rigakafin shawara, domin ana neman sa daga masu fitowa daga ƙasashenmu. Ka yi inshorar tafiya wadda ta rubuta a fili cewa ta ƙunshi ɗauko mara lafiya da jirgi mai saukar ungulu har tsayin mita 5,000. A can bisa babu motar asibiti.

Sai maganar da nake so a ji da kyau: jini. Mai ciwon sikila ba shi da abin nema a tsayin mita dubu uku da wani abu, inda iskar shaƙa ke ƙaranci. Mai AS ma, wanda a gida ba ya jin komai, saifarsa na iya samun matsala a irin wannan tsayi. Ka san nau'in jininka, AA ne ko AS ko SS, ka zauna da likita, ka faɗa masa ainihin mita nawa za ka hau. A wannan zaman ne kuma za ka tambaye shi maganin ciwon tsauni mai suna acetazolamide da allurar rigakafin haukan kare.

Lokacin zuwa: Oktoba da Nuwamba, bayan damina ta ɗauke sama ta washe, ko Maris da Afrilu, lokacin da jajayen furannin lali gurans ke rufe gangare. Daga Yuni zuwa Satumba ruwa ne da laka da matsattsaku. In tafiyarka ta faɗo kan Dashain, babban bikin Hindu na ƙasar, wajen ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba, ka sani motoci cike suke da masu komawa gida, ofisoshi kuma a rufe. Jirage kan bi ta Doha ko Dubai ko Istanbul. Ka riƙe dala sababbi marasa yaga, ka canza zuwa rufi, kuɗin ƙasar, a Katmandu. Agogonsu yana gaba da na Najeriya da Nijar da awa huɗu da minti 45.

Mataki na biyu: kwana uku a Katmandu, a koyi zaman wurin

Birnin yana kan tsayin kusan mita 1,400, don haka jiki ya fara sabawa ke nan. Ka sayi layin Ncell ko Nepal Telecom da fasfonka da hoto. Ka nemi kamfanin tafiya mai rajista ya haɗa ka da ɗan jagora, don tun Afrilun 2023 hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar ta ce baƙo ba zai bi hanyoyin da ke cikin gandayen gwamnati shi kaɗai ba. Kamfanin ne zai cire maka takardar shiga gandun Langtang da sauran takardun hanya. Ka roƙi a ba ka ɗan jagora Batamange, ko aƙalla mai jin yarensu. Bambancin da hakan ke yi a cikin ƙauye ba kaɗan ba ne: wani zai tsaya da kai a bakin ƙofa, wani zai kai ka har gindin murhu.

Ka fara da Boudhanath, wadda 'yan gari ke ce wa Boudha. Farar ƙubba ce ƙatuwa, tsayinta kusan mita 36, da idanu da aka zana a fuskoki huɗu na hasumiyar da ke kanta. Irin wannan gini shi ake kira stupa, mutanen bisa kuma su ce chorten. Ba a shiga cikinsa, cike yake, kewaya shi ake yi. Tun bayan 1959 'yan gudun hijirar Tibet suka zauna a unguwar, shi ya sa gompa suka yi yawa a wurin. Gompa ita ce gidan ibada da karatu da kwanan lamomi, wato malaman addinin masu jajayen mayafai. Ka zo da sassafe ko dab da faɗuwar rana, lokacin da tsofaffi ke fitowa da carbinsu, ka sami gefe ka tsaya minti goma kana kallo kafin ka taka ko'ina.

Abin da za ka fara lura da shi, kowa gefe ɗaya yake bi. Ana barin ginin a hannun dama, a tafi yadda hannun agogo ke tafiya. Wanda ya taɓa yin ɗawafi ƙafarsa za ta so ta bi akasin haka, tunda a can Ka'aba a hagu take. Ba kwatanta ibada nake ba, ƙafa nake gargaɗi. Ko shagon da ke bayanka kaɗan kake son komawa, ka bi ayari ka zagayo, ko ka fita gefe can nesa da layin masu kewaye. Wannan doka ta dama za ta bi ka har ƙarshen tafiya, a kan kowane chorten da kowace katangar duwatsu masu rubutu.

Nan ne kuma tambayar da ke cin ran mai zuwa daga wajenmu take tasowa: me zan yi, me ba zan yi ba? Amsar a aikace mai sauƙi ce. Babu wanda zai ce ka rusuna, ko ka kunna fitilar man shanu, ko ka juya gangunan addu'ar da ke jere a jikin bango. Baƙi da yawa suna juya su don a ɗauke su hoto, kuma a ganina wanda ya kame hannunsa ya fi su girmama wurin. Ka wuce kawai, hannu a gefe. In lama ya miƙo maka ruwan albarka ko zaren ɗaurawa a wuya, ka dafa ƙirji ka yi murmushi ka ce “dhanyabad”, wato na gode, ka ja baya. Ba sa ɗaukar hakan raini. Hukuncin shiga irin waɗannan wurare kuwa, wannan tsakaninka ne da malaminka, ka warware shi tun a gida don kada ka tsaya waswasi a bakin ƙofar mutane. Abu ɗaya da ba shi da muhawara: kada ka buɗe wa'azi ko ka raba littattafai. Dokar Nepal da ta fara aiki a 2018 ta haramta jan mutum ya sauya addini, baƙo kuma ana iya korar sa a kan haka.

In za ka shiga zauren gompa, ga tsarin. Ka cire takalmi a waje, ka cire hula. Wannan na hula yana wa Bahaushe nauyi, don a wajenmu sa hula ne ladabi, amma a can tuɓe ta ne. Mace ba a hana ta ɗankwalinta ko hijabinta, suturarta ma ta riga ta cika abin da ake nema, wato rufe kafaɗu da gwiwa. Ka tsallake dokin ƙofa, kada ka taka shi. A ciki ma ka bi ta hagu ka zagayo ta dama. Dogayen shimfiɗun da ke tsakiya na lamomi ne, baƙo a jikin bango yake zama. Kada ka miƙe ƙafa tafin yana kallon mutum-mutumin Buda ko wani lama, ka tanƙwashe. Kada ka tsallake littafi ko ƙafar wani. In nuni za ka yi, da buɗaɗɗen tafi ake yi, ba da yatsa ba. Hoto a waje babu laifi, a ciki sai ka tambaya, kuma wurare da dama sun hana. In ka tarar ana karatu, da ganguna da dogayen ƙahonin tagulla masu ƙara kamar kakaki, ka zauna shiru ko ka fita shiru.

Rana ta biyu ka hau Swayambhunath da ke kan tudu a yammacin birni. Matakalar gabas taka 365 ce, kuma gwaji ne mai kyau ga gwiwarka kafin tsauni. Birai sun cika wurin. Kada ka riƙe abinci a hannu, kada ka zura musu ido, in kuma ɗaya ya cije ka ko ya yakushe ka, wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa ka wuce asibiti a ranar.

Rana ta uku ka tsallaka kogin Bagmati zuwa Patan, ka nemi Kwa Bahal, wanda baƙi suka fi sani da haikalin zinariya. Na Buda ne amma na ƙabilar Newar, 'yan asalin kwarin Katmandu, kuma tsarinsa daban yake da na Tibet. Mai kula da babban ɗakin yaro ne da bai kai shekara 12 ba, yakan yi wata guda a sauya wani. Ba a shiga tsakar gidan da fata a jiki, saboda haka takalmin fatar nan na Kano da bel su tsaya a ƙofa. Ka kuma bambance: wuraren Hindu da yawa, kamar cikin Pashupatinath, ba sa barin wanda ba Hindu ba ya shiga, kuma akwai allo a ƙofa. In ka ga allon, ka tsaya inda aka ce.

Masallatai biyu sanannu suna kusa da hasumiyar agogo ta Ghantaghar, Nepali Jame Masjid da masallacin Kashmiri, kuma a kewayensu ne za ka sami gidajen abinci na halal. Ka ci naman da za ka ci a nan. Alƙibla a Nepal yamma take sak. Bakin da ya saba cewa “fuskanci gabas” sai ya gyara.

Lumbini, mahaifar Buda, inda ginshiƙin da Sarki Ashoka ya kafa a shekara ta 249 kafin miladiyya yake tsaye har yau, tana can kudu a filin ƙasa mai zafi kusa da iyakar Indiya. Tafiya ce ta daban, ka ware mata kwana biyu in kana da su.

Mataki na uku: hanyar Langtang

Mota daga Katmandu zuwa Syabrubesi, ta Trishuli da Dhunche, ba ta fi kilomita 120 da wani abu ba, amma tana cin awa bakwai zuwa tara. Hanya ce mai kwana-kwana a gefen rami. In aljihu ya yarda, ku haɗa kuɗi ku ɗauki jif maimakon bas. Ka cire duk kuɗin da za ka kashe tun a birni, ƙananan takardu, don a sama babu wurin cirewa.

Daga Syabrubesi, wajen mita 1,500, ƙafa ce. Ranar farko awa shida ne cikin kurmi a gefen kogi zuwa Lama Hotel, kusan mita 2,470. Sunan wuri ne, 'yan gidajen baƙi ne a jere. Yawancin kamfanoni za su so su kai ka ƙauyen Langtang washegari, mita 3,430. Ka lissafa: hawan kusan mita dubu ke nan a yini ɗaya, alhali shawarar likitocin tsauni ita ce in an wuce mita 3,000 kada wurin kwana ya ɗara na jiya da fiye da mita 500. Mutumin da ya taso daga Kano ko Maraɗi, inda ƙasa ba ta kai mita 500 ba, ya raba wannan yinin biyu, ya kwana a Ghodatabela ko Thangshyap. Kwana ɗaya ne ƙari. 'Yan jagora suna da kalmarsu, “bistari, bistari”, daidai da namu sannu sannu kwana nesa.

Alamun ciwon tsauni su ne ciwon kai, tashin zuciya, rashin cin abinci, rashin barci. In sun zo, ba a ƙara hawa. In sun ƙaru, ko numfashi ya gagara kana zaune, ko tafiya ta koma tangaɗi kamar ta mai maye, sauka ake yi nan take ko da dare ne. Ƙarfin jiki ba ya kare mutum, samari masu ji da kansu ma sun fi faɗawa don sun fi gaggawa. Ka faɗa wa ɗan jagora gaskiyar abin da kake ji, kunya ba ta da amfani a nan.

In ka ji ƙararrawa, alfadarai ne ko yak, wani irin sa mai dogon gashi, ɗauke da kaya. Ka matsa ɓangaren dutse, kada ka tsaya ɓangaren rami. Kada ka haɗa gadar waya mai lilo da su. Ɗan dako mai kaya a goshi shi ma nasa ne hanya.

Dab da ƙauyen Langtang za ka ratsa wani fili mai faɗi na tsakuwa da duwatsu, babu ciyawa. Tsohon ƙauyen ne a ƙarƙashinsa. Ranar 25 ga Afrilu, 2015, girgizar ƙasar da ta kashe kusan mutum 9,000 a Nepal ta ɓalle ƙanƙara da duwatsu daga tsaunin Langtang Lirung, suka binne shi da ɗaruruwan mutane, 'yan gari da baƙi. Sabon ƙauyen an gina shi gaba kaɗan, kuma akwai katangar tunawa mai ɗauke da sunayen mamatan. Kusan duk wanda zai ba ka shayi a can ya rasa wani. Ka ratsa wurin yadda kake ratsa maƙabarta, ban da kiɗa a waya, ban da hoton dariya. Kada ka tono zancen. In mai gida ya kawo shi da kansa, ka saurara.

Daga nan zuwa Kyanjin Gompa, wajen mita 3,870, awa uku ne zuwa huɗu, kuma a wannan tsakanin ne dogayen katangun mani suke, duwatsu da aka sassaƙa addu'o'i a jikinsu. Hanya takan rabu biyu a gabansu, ka bi ta hagu katangar ta kasance a damanka. Ba a zama a kansu, ba a ɗora jaka, ba a ɗauke dutse. Tutocin nan masu launi biyar, shuɗi, fari, ja, kore, rawaya, in ka ga sun faɗo a hanya kada ka taka. Gompar Kyanjin ƙarama ce kuma sau da yawa a kulle take, sai ɗan jagora ya nemo mai riƙe da makulli. Ka kwana biyu a garin. Akwai wurin yin cukun madarar yak da aka kafa da taimakon mutanen Suwizalan tun shekarun 1950. Mai sauran ƙarfi ya hau tsaunin Kyanjin Ri da ke saman garin da safe ya dawo ya kwana a ƙasa.

Mataki na huɗu: cikin gida

Masaukin hanya gidajen iyali ne. Ɗaki yana da araha bisa sharaɗin a nan za ka ci abincin dare da na safe, don daga abincin suke samu. Kwana a wani gida ka ci a wani cin fuska ne. Cajin waya da ruwan zafi ana biya, farashi kuma yana hawa tare da kai, tunda a bayan mutum ko alfadari komai ya iso. Ciniki a kan kuɗin abinci bai dace ba. In kana son zama a cikin gida sosai, ka ƙara kwana biyu a dawowa ka bi ta Briddim, ƙauyen Tamang da ke saukar da baƙi gida-gida.

Gaisuwa “namaste” ce, a ƙauyukan bisa kuma “tashi delek”. Suna haɗa tafuka, kai in ka dafa ƙirji ya wadatar. Ba a kiran sunan babba gatsal, kamar dai a gida: namijin da ya girme ka “dai”, mace “didi”, tsohuwa “aama”, ƙanana “bhai” da “bahini”. Takalmi a ƙofa. Murhu wuri ne mai alfarma a gidajensu, kada ka jefa takarda ko ɓawo a wuta, kada ka shanya safa a kansa. Kujerar da ke kusa da shi ta mai gida ce.

Abinci na yau da kullum dal bhat ne: shinkafa da romon ƙananan wake irin wanda Larabawa ke kira adas, da ganye da dankali, kuma ana ƙara maka har ka ƙoshi ba tare da ƙarin kuɗi ba. Ka tambayi dhindo, tuwo ne na tamba ko masara, da hannu ake ci, kuma ranar da uwar gida ta ga yadda kake yanka loma za ta kira maƙwabta su gani. Nama ka bar shi gaba ɗaya. Yanka saniya laifi ne a dokar ƙasar, abin da ke cikin momo, wani ƙullin fulawa mai nama a ciki, galibi naman ɓauna ne, kuma yankan ba irin namu ba ne. Ka ce na ganye kake so. Chhaang da raksi da tongba duk giya ce, ta farko kuma fara ce kamar kunu, don haka ka tambaya kafin ka kurɓa. Shayin man shanu da gishiri ba shi da komai sai baƙon ɗanɗano. Ka karɓa da hannu biyu, in ka shanye za a sake cikawa, in ya ishe ka ka bar kofin a cike.

Akwai abin da suke kira jutho: duk abin da bakinka ya taɓa ya zama naka kai kaɗai. Ba a sa hannu a kwanon wani, ba a miƙa wa wani saura, in ruwa na kowa ne ana ɗaga butar a tsiyaya ba tare da ta taɓa leɓe ba. Mu da muka saba haɗa hannu a akushi ɗaya, nan ne muke kuskure. Hannun dama kuwa da tsarki da ruwa, ɗaya muke da su. Ruwan sha sai tafasasshe ko wanda ka sa wa ƙwayar tacewa.

Salla ka yi ta a ɗakinka ko a fili can gefe, nesa da chorten. Ka sayi flas na ruwan zafi da dare ka ajiye na alwalar asuba, don a Kyanjin ruwan famfo kan daskare. Yara za su roƙi alewa ko biro, iyayensu da yawa ba sa so. In kana son kuɗinka ya zauna a ƙauyen, sayi cuku da saƙar hannun matan.

Saukowa kwana biyu ne zuwa Syabrubesi, kuma gwiwa ta fi shan wuya a nan, ka riƙe sanda. Ka bar kwana biyu a Katmandu kafin jirginka saboda hanya. Ɗan jagora da ɗan dako ana ba su tukuici a ranar ƙarshe, kowa a hannunsa, da hannu biyu. A wasu gidajen, da za ka tafi, aama za ta rataya maka farin ƙyalle mai santsi a wuya, khata, na sallamar baƙo. Ka bar shi a wuyanka har ka fita daga ƙauyen, sannan ka ninke shi ka sa a saman jaka, ba a wajen takalma ba.